Tun Ran Gini Ran Zane: Injin Shata Layi Mai Batir Ko Mai Fetur?

 

Akwai wata sana'a da kullum muke taka aikinta da ƙafa ko da tayar mota, amma da wuya ka ji an ɗauko hirarta a majalisa. Ita ce sana'ar shata layi. Farin layin da ya kewaye filin ƙwallo, layukan da ke raba wa motoci wurin tsayawa a harabar banki da asibiti da gidan mai, rawayen layin da ke cikin sito da masana'anta, da zanen tsallaka titi a bakin makaranta, duk wani ne ya shata su, kuma biyansa aka yi. Ga makarantu masu zaman kansu da rukunan shaguna da ɗakunan taro suna ta ƙaruwa a biranenmu, kowannensu da harabar da ke buƙatar layi. Matashin da ya hango wannan ƙofa bai yi kuskuren hange ba. Sai dai tun kafin ya taka ƙafa ɗaya, tambaya za ta tare shi a bakin shago: wane inji zai saya, mai batir ko mai fetur?

Tambayar ba ƙarama ba ce, domin kuɗin da za a zuba ba kuɗin wasa ba ne. Wani kwasar adashensa ce ta shekara guda, wani babur ɗinsa ya sayar, wani kuma rance ya karɓo a wurin yayansa da alƙawarin biya bayan Sallah. Idan ya sayi injin da bai dace da aikinsa ba, jarin ya kwanta, kuma injin shata layi ba waya ba ne da za ka kai kasuwa gobe ka sami mai saye.

Ga matsayata tun da wuri. Mai farawa, wanda aikinsa bai wuce filayen wasa da harabobi da cikin gine-gine ba, mai batir ya fi dacewa da shi. Mai fetur na ɗan kwangilar da ke da dogon titi a hannu ne. Amma dalilan da suka kai ni ga wannan matsaya ba su ne waɗanda aka fi ji a bakin masu gardama ba. Masu goyon bayan batir cewa suke fetur ya yi tsada. Masu goyon bayan fetur kuma su ce, ina wutar take? A ganina duk hujjojin nan biyu ba su da nauyin da ake ba su.

MENE NE INJIN KANSA?

Injin shata layi ba wani abin mamaki ba ne. Amalanke ce mai taya uku ko huɗu da ake turawa kamar baro. A kanta akwai tanki ko bokitin fenti, da famfon da ke zuƙo fentin, da tiyo, da bakin feshi da ke kallon ƙasa. Ka matsa hannu fenti ya fita, ka saki ya tsaya. Bambancin mai batir da mai fetur abu ɗaya ne tak, wato abin da ke juya famfon. Sauran kayan kusan duk iri ɗaya ne. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar gyara.

Injinan kuma gida biyu ne. Akwai ƙanana masu sassauƙan matsi, waɗanda ake fesa tsinkakken fentin ruwa da su a kan ciyawa. Waɗannan galibinsu da ƙaramin batir mai bolt 12 suke aiki. Akwai kuma manya masu matsi mai ƙarfi, waɗanda ke tura fenti mai kauri a kan kwalta da kankare. Matsin irin waɗannan yakan ninka na tayar mota kusan sau 100. A wannan gida ne gardamar ta fi zafi, domin ana yin su iri biyu. Kamfanin Graco na Amurka, alal misali, yana da jerin injinan LineLazer masu amfani da injin fetur na Honda, yana kuma da masu batir da ya sa wa alamar ES. Kamfani ɗaya, aiki ɗaya, hanya biyu. Da ɗaya ta fi ɗaya ta kowace fuska, da tuni sun daina ƙera ɗayar.

A ƘIRGA MITOCI KAFIN A ƘIRGA NAIRA

Abin da ya kamata mai saye ya fara yi shi ne ya ɗauki biro ya lissafa tsawon layin da zai riƙa shatawa a yini. Mu ɗauki filin ƙwallo. Dokokin wasan na hukumar IFAB sun ce faɗin layi kada ya wuce santimita 12. Filin da aka fi yin manyan wasanni a kansa tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, kewayensa ya zama mita 346. A ƙara layin tsakiya, mita 68. A ƙara da'irar tsakiya, wadda daga ɗigon tsakiya zuwa bakinta mita 9.15 ne, kewayenta kusan mita 57 da rabi. Yadi na sha takwas guda biyu sun kusa mita 147, yadi na shida guda biyu sun kusa mita 59, 'yan bakan da ke gaban yadi na sha takwas da na kwana huɗu kuma kusan mita 40. Idan aka tattara, duk layin filin bai kai mita 720 ba.

Mutumin da ke tura inji a hankali, yana cin kilomita 3 a sa'a, zai gama wannan tafiya cikin ƙasa da minti 20. Ragowar yinin aikin awo ne: kafa turaku, jan igiya, daidaita kusurwa, gaurayen fenti, wanke kaya. A duk waɗannan famfo ba ya juyawa.

Haka harabar motoci take. Gurbin mota ɗaya kusan mita 2.5 ne da mita 5. Harabar da ke ɗaukar mota 60 layukanta ba za su wuce mita ɗari uku da 'yan kai ba, sai kibiyoyi da 'yan rubuce-rubuce. Aikin da ya fi waɗannan tsawo a cikin ayyukan mai farawa shi ne filin tsere na gasar wasannin makaranta. Zagaye mai mita 400 da hanya takwas yana buƙatar layi tara, jimillarsu ta kusa kilomita 4. Wannan ma tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce ga famfo.

To, sai a kwatanta da titi. Hanya mai tsawon kilomita 10, layin gefenta biyu kaɗai kilomita 20 ne, ban da tsinkakken layin tsakiya. Nan ne inji zai yini yana aiki tun safe har la'asar, a wurin da babu soket, babu rumfa. Mai filin ƙwallo da mai titi sunan sana'arsu ɗaya, amma buƙatarsu ta sha bamban, kuma mafi yawan asarar da ake yi wajen saye daga nan take fitowa. Mutum aikin mita 700 ne a hannunsa, amma ya je ya sayi injin kilomita 20 saboda mafarkin kwangilar gwamnati.

HUJJAR TSADAR FETUR

Ba wanda ke musun cewa fetur ya yi tsada. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Amma nawa injin ke sha? Ƙananan injinan Honda da ake ɗora wa waɗannan amalanku, irin su GX120 da GX160, suna shan tsakanin lita ɗaya da lita ɗaya da rabi a sa'a idan suna aiki da ƙarfinsu. Ke nan ko da ka bar injin a kunne sa'a guda cur a filin ƙwallo, man da ya sha bai wuce na naira dubu ɗaya da rabi ba a wancan farashi. Bokitin fenti guda ya ninka wannan sau da yawa. Ga kuɗin ɗaukar kaya, ga ladan yaron da ke riƙe maka igiya.

Saboda haka duk dillalin da ya ce maka ka sayi mai batir domin rarar kuɗin mai za ta mayar maka da jarinka cikin 'yan watanni, ka ce masa ya kawo takarda ku lissafa tare. Rarar tana nan, amma ba ta kai a gina shawara a kanta ba. Balle ma batir ba kyauta ba ne. Ranar da ya mutu, dunƙulen kuɗi za ka fitar a lokaci guda, kuma wanda bai riƙa ware wani abu daga kowane aiki domin wannan rana ba, zai ga cewa kuɗin man da yake murnar bai kashe ba jiransa suke yi a gaba.

HUJJAR RASHIN WUTA

Ita ma wannan hujja tana da tushe. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba za ka zarge shi ba idan ya ji tsoron ɗora abincinsa a kan caji.

Sai dai a nan ma lissafi ne zai raba gardama. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda aka saba gani a gidajen da ke da inbata, abin da yake ɗauka yunit ɗaya ne da ɗan ɗoriya na mitar wuta. Ko da farashin rukunin Band A, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 a yunit a watan Afrilun 2024, cika shi bai kai naira 400 ba. Farantin sola guda mai wat 300, idan ya sami kyakkyawar rana ta sa'a biyar ko shida, irin wadda Allah ya hore mana a Kano da Katsina da Damagaram, zai kusa cika shi a yini ɗaya. Na ƙananan injinan ciyawa kuwa bai kai wannan ba ko kusa. Injin shata layi ba firji ba ne da ke buƙatar wuta dare da rana. Sa'o'i kaɗan yake nema kafin ranar aiki, kuma ranar aiki ba ta zuwa ba zata. Makaranta ba ta sa gasar wasanni yau ta ce a shata fili yau. Wanda ke da batir biyu, ɗaya a kan inji ɗaya a caji, ya gama da wannan matsala.

To, idan ba tsadar mai ba ce, ba kuma rashin wuta ba, mene ne zai raba gardamar?

NA FARKO: INDA ZA KA YI AIKIN

Wannan shi ne babban dalilina. Injin fetur yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, mutum ba ya sanin yana shaƙarta sai kansa ya fara ciwo, jiri ya kama shi. Ita ce dai ke hallaka iyalai a gidajen da aka kwana da janareta a cikin ɗaki ko a soro. Kunna injin fetur a cikin sito, ko a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin gini, ko a rufaffen ɗakin wasan ƙwallon kwando, ganganci ne da ran mai aikin da na yaransa. Ke nan wanda ya sayi mai fetur ya rufe wa kansa ƙofar duk wani aikin cikin gini, ko kuma ya riƙa shiga da kasada. Aikin cikin gini kuwa yana da daɗinsa: ba ruwansa da damina, ba ruwansa da ƙura, kuma layin da motocin ɗaga kaya ke takawa kullum yana gogewa, dole a sake kiran mai shatawa.

Sai ƙara. Harabar asibiti da otal da rukunin gidaje ba a samunsu babu motoci sai da dare ko da asuba. Mai batir zai shiga bayan sallar Isha, ya yi aikinsa ba tare da ya tashi marar lafiya ko baƙo ba, kafin gari ya waye fenti ya bushe. Mai fetur zai iya yin aikin, amma da wuya a sake kiransa. Makaranta ma haka, za ka iya shata filin ana cikin darasi.

A nan akwai gargaɗi ɗaya. Rashin hayaƙin inji ba ya nufin ɗakin ya zama lafiya. Fentin mai da tina suna da nasu tururin, yana bugarwa, yana kuma kama wuta. A buɗe ƙofofi, a sa takunkumi, duk inda fentin ruwa zai yi a yi amfani da shi.

NA BIYU: KWANAKIN ZAMA

Mai farawa ba kullum yake samun aiki ba. Zai iya yin aiki biyu a mako guda, sannan ya yi wata ɗaya shiru. Injin fetur ba ya son zama. Man da ya daɗe a cikin kabureta yakan yi danƙo ya toshe 'yan ƙananan ramukanta, ranar da aiki ya zo ka yi ta jan igiya a gaban mai gida, gumi na zuba, inji ya ƙi tashi. Ga baƙin mai da Honda da kansu suka ce a canza bayan sa'a 20 na farko, sannan duk bayan sa'a 100 ko wata shida. Ga matatar iska da ƙurar hunturu ke cikawa. Ga fulogi. Ga gurɓataccen man bumburutu idan an shiga wahalar mai.

Shi ma batir yana da nasa sharuɗɗan. Irin na dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, ba ya kuma son a ajiye shi babu caji. Zafi kuma maƙiyinsa ne. Masana batir suna da wata ƙa'ida cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwar batirin dalma. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yana haura digiri 40. Na litiyom ya fi sauƙin ɗauka, ya fi daɗewa, ya fi kuma tsada. Amma idan aka ɗora hidimomin biyu a sikeli, ta batir ta fi sauƙi: ka ajiye shi a inuwa, ka cika shi bayan kowane aiki, ka leƙa shi sau ɗaya a wata. Wannan ba ya buƙatar sifana.

NA UKU: GYARA

Nan ne masu fetur suka fi ƙarfi, kuma dole a ba su gaskiyarsu. Injin GX160 da 'yan uwansa na ƙasar Sin da aka kwaikwaya daga gare shi su ne a kan injin ban ruwa na fadama, su ne a kan injin markaɗe, su ne a cikin ƙananan janareta. Babu garin da za ka shiga a ƙasar Hausa ka rasa bakaniken da ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Kayansu suna nan a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, suna nan a Fanteka a Kaduna. Babban inji mai batir kuwa, idan allon lantarkin da ke sarrafa shi ya ƙone, mai yiwuwa sai an aiko da shi daga waje, da dala, bayan makonni.

Amma mu koma kan abin da na ce a riƙe. Injin Honda rabin amalanken ne kawai, kuma ba shi ne rabin da ya fi lalacewa ba. Abin da ke tsayar da mai shata layi a tsakiyar aiki shi ne bakin feshi da ya toshe ko ya cinye, da robobin cikin famfo da suka gaji, da matatar fenti, da tiyon da fenti ya bushe a cikinsa saboda an yi kasalar wankewa. Waɗannan kaya iri ɗaya ne a injinan biyu, kuma bakaniken janareta ba shi da su. Wanda ya sayi mai fetur yana ganin ya tsira daga neman kayan waje, zai gane rabin matsalar kawai ya tsere wa.

Ƙananan injinan ciyawa kuwa ba su da wannan damuwa sosai. Famfonsu ɗan gidan su ɗaya ne da na injin feshin goyo mai caji da manomanmu suka rungumi amfani da shi, kuma masu haɗa sola da suka san batir da caja yanzu suna ko'ina. Sharaɗina dai ɗaya ne ga mai sayen babba: kada ka saya a hannun wanda ba zai iya ɗora maka kayan gyaransa a kan tebur ka gani ba.

INDA FETUR YA YI ZARRA

Idan aikinka dogon titi ne, ko babbar tasha, ko harabar da za a fesa da baki biyu a lokaci guda da fenti mai kauri tun safe har yamma, kada ka tsaya dogon tunani. Jarkar mai ɗaya za ta kai ka inda batir uku ba za su kai ka ba, kuma cika tanki minti biyu ne. Haka nan wanda ayyukansa suke a garuruwa masu nisa, yana kwana uku ko huɗu a hanya.

Amma a san wani abu. Layin da ke kan manyan hanyoyi, wanda ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi da dare, yawanci ba fesa shi ake yi ba. Wani gari ne mai kama da roba da ake narkawa a tukunya da wutar gas har zafinsa ya kai wajen digiri 200, a shimfiɗa shi da zafinsa, a barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi. Wannan wani inji ne daban da wani jari daban. Matashin da ya sayi injin feshi mai fetur da nufin samun kwangilar babban titi zai iya tarar da cewa takardar kwangilar ma ba irin fentinsa ta nema ba.

FILIN UNGUWA

Akwai kuma wanda bai kamata ya sayi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mafi yawan filayen ƙwallonmu na unguwa da na makarantun gwamnati ƙasa ce da yashi. Fenti ba ya kama yashi. Ka fesa da safe, kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafa ta share shi. Abin da ke aiki a nan shi ne 'yar amalanke mai zubar da farin gari ta ƙasa, babu inji babu batir, wadda mai walda zai iya haɗa maka. A dai kula da abin da ake zubawa. Irin farar ƙasar nan mai zafi da ake shafe gini da ita tana iya ƙona fata da ido idan ta haɗu da gumin ɗan wasan da ya faɗi a kanta. Garin alli ya fi aminci. Filayen ciyawar roba kuma, yawancinsu da layinsu ake shimfiɗa su, ba sa jiran mai fenti. Kafin ka ƙirga filayen garinku a matsayin kasuwa, je ka taka su da ƙafarka ka ga irin ƙasarsu.

A ƙasashen Turai har an kai ga ƙananan mutum-mutumi masu batir da ke shata fili da kansu ta hanyar tauraron ɗan'adam, irin na kamfanin Turf Tank na ƙasar Denmak. Ba su ne maganarmu ba a yau, farashinsu ya fi ƙarfin mai farawa. Amma suna nuna inda masu ƙera kayan filin wasa suka sa gaba.

KAFIN KA MIƘA KUƊI

Ka rubuta ayyuka goma da kake da tabbacin za ka iya nema a wata shida masu zuwa, da sunan wuri, da irin ƙasar wurin, da tsawon layin. Idan bakwai daga ciki harabobi ne da filaye da cikin gini, ka san amsarka.

Ka sa a zuba fenti na gaske a gwada injin a gabanka. Ruwa ba ya nuna ƙarfin famfo.

Idan na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, ka duba cajarsa. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Cajar da ba a yi ta domin tamu ba, jonawa ɗaya ta ishe ta. Batirin da ya zo da shi kuma ka ɗauka cewa ya riga ya gaji, ka cire kuɗin sabo daga farashin.

Idan mai fetur ne, ka tabbatar ko injin na asali ne ko kwaikwayo, ka biya kuɗin abin da yake, ba kuɗin takardar da aka manna masa ba.

Ka sayi bakin feshi da matata da robobin famfo na ajiya a ranar da ka sayi injin.

Kowanne ka saya, idan mai matsi mai ƙarfi ne, kada ka taɓa sa yatsa a bakin feshi, ko domin gwaji ko domin cire toshiya. Matsin yana iya huda fata ya tura fenti cikin nama. Raunin ɗan ƙarami ne a ido, amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti ba. A kashe inji, a sauke matsi, sannan a taɓa.

Daga ƙarshe, inji ba ya miƙar da layi. Igiya da tef da haƙurin mai aiki ne ke miƙar da shi. Wanda ya iya fitar da kusurwa da awon mita uku, huɗu da biyar, ya kuma iya wanke kayansa kafin ya ci abinci, zai ci riba da kowane inji. Amma tunda dole a zaɓi ɗaya, kuma jarin guda ne, ni dai shawarata ga ƙanena mai farawa ita ce ya sayi mai batir daidai aikin da ke gabansa, ya haɗa da batir na biyu. Ranar da Allah ya kawo kwangilar titi, kuɗin kwangilar ne za su sayi mai fetur, ko a ɗauko haya. Tun ran gini ran zane.

Na san a cikinmu akwai masu fenti, akwai makanikai, akwai malaman wasanni da suka sha shata fili da toka da gwangwani. Wanda ya ga inda hujjata ta yi rauni, musamman a kan maganar gyara, ya kawo tasa mu ƙaru. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mana jarinmu. Sai mako mai zuwa idan mai kowa ya kai mu.